Tsarin Kula da Lafiyar Marasa Ƙarfi: Wa Ya Cancanta, Kuma Yaya Ake Shiga?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kuɗin asibiti, da hanyar da gwamnati ta tanada domin ɗauke wa marasa ƙarfi da masu buƙata ta musamman wannan nauyi. Za mu duba su wa doka ta ce sun cancanta, yadda ake yin rajista, abin da katin yake biya, da abin da za a yi idan haihuwa ta zo da matsala alhali babu kati a hannu.

Gabatarwa

Wata rana ina aikin dare a ɗakin haihuwa aka kawo wata baiwar Allah da ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Da muka duba sai muka ga ɗan ya zo a gicciye, babu yadda za a yi ta haihu da kanta. An shiga da ita tiyata, an yi mata ƙarin jini, Allah ya yi da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Da gari ya waye na tambayi maigidanta abin da ya hana su zuwa tun ranar farko. Ya ce: "Malama, wallahi kuɗi nake nema. Sai da na jira ranar kasuwa na sayar da akuya."

Wannan mata tana cikin waɗanda doka ta ambata a fili cewa gwamnati ce za ta biya musu kuɗin kula da lafiya. Ita da maigidanta ba su taɓa jin labarin tsarin ba. Ire-irenta suna da yawa, shi ya sa muka ware wannan darasi.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ne suke rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa. Masana sun daɗe suna bayanin cewa jinkiri iri uku ne suke jawo yawancin wannan asara: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkiri a kan hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Duk ukun akwai hannun rashin kuɗi a ciki. A ƙasarmu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, a lokacin da ciwo ya riga ya kama.

Yadda tsarin ya samo asali

Inshorar lafiya kusan kamar adashi take. Ana tara kuɗi a asusu ɗaya tun ana lafiya, duk wanda ciwo ya kama sai a biya masa daga ciki. Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi, mai sana'a yana zubawa da kansa, shi kuwa wanda ba shi da halin zubi sai gwamnati ta zuba masa. Wannan kashi na uku shi ne darasinmu.

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, sai dai yawancin waɗanda suka amfana a wancan lokaci ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da ake kira BHCPF a taƙaice. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An fara sa shi a kasafin kuɗi a 2018. Kusan rabin kuɗin asusun ana amfani da shi ne wajen biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora, wani kaso mai yawa kuma yana tafiya ga ƙananan asibitoci domin magani, kayan aiki da gyare-gyare.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni.

Aikin rajista ba daga Abuja ake yin sa ba. Kowace jiha tana da hukumarta, kuma a jihohinmu na Arewa an fi kiran ta hukumar taimakekeniyar lafiya. Ta Kano ita ce KSCHMA, ta Kaduna KADCHMA, ta Jigawa JICHMA. Su ne suke ɗaukar suna, su ba da kati, su biya asibiti.

Su wa suka cancanta?

Dokar 2022 ta lissafa rukuni biyar:

1. Mata masu juna biyu.
2. Yara 'yan ƙasa da shekara 5.
3. Tsofaffi.
4. Masu naƙasa a jiki ko a ƙwaƙwalwa.
5. Matalauta da ba su da halin biya wa kansu.

A lura, mutum ɗaya yana iya shiga rukuni fiye da ɗaya. Makauniya mai juna biyu wadda mijinta ba shi da tsayayyar sana'a ta shiga uku ke nan. Haka kuma a gida ɗaya ana iya samun mutum huɗu ko biyar da suka cancanta: mai cikin, yaron da ta yaye, surukarta tsohuwa, da ƙanin miji da shan inna ya taɓa.

Cancanta daban, shiga rajista daban

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, don haka a karanta da kyau. Kasancewarki mai juna biyu bai sa sunanki ya shiga tsarin da kansa ba. Katin awo ma ba katin inshora ba ne. Har sai an ɗauki sunanki da hotonki, an shigar a na'ura, an ba ki lamba, sannan asibiti zai iya neman kuɗinsa daga hukuma.

Na biyu, kuɗin da ke asusun bai kai ya ɗauki duk waɗanda suka cancanta lokaci guda ba. Saboda haka kowace jiha tana da adadin mutanen da take ɗauka, ana raba shi zuwa ƙananan hukumomi da mazaɓu, kuma zango-zango ake buɗe rajista. Wanda ya fi buƙata shi ake so a fara ɗauka.

To yaya ake gane wanda ya fi buƙata? Tun da yawancin mutanenmu ba su da takardar albashi, ba a dogara da ita. Akwai rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, wadda ake haɗawa ta hanyar tara mutanen unguwa ko ƙauye su faɗi da bakinsu gidajen da suka fi kowa rashi a cikinsu. Daga nan ma'aikata su bi gida-gida su rubuta yawan iyali, sana'ar maigida, irin muhalli da abin da aka mallaka. Jihohi suna amfani da wannan rajista wajen zaɓe. A wurare da dama kuma ana haɗawa da masu unguwanni, dagatai, kwamitin ci gaban mazaɓa da shugaban asibitin unguwa domin zaƙulo waɗanda ba su cikinta.

Idan masu rubutu suka zo gidanku a faɗa musu gaskiya. Wasu magidanta suna jin kunyar a ce ba su da shi, sai su ƙawata zance, ƙarshe a tsallake su. Wasu kuma suna da hali amma su ɓoye, su tare wa wanda ya fi su buƙata gurbi. Duka biyun ba daidai ba ne.

Matakan yin rajista

Mataki na farko: A je asibitin matakin farko na mazaɓarku, wato wanda aka fi sani da sha-ka-tafi. Manufar tsarin ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa da yake karɓar kuɗin asusun. A nemi shugaban asibitin, a tambaye shi ko nan ne ake rajistar BHCPF, idan ba nan ba ne wanne ne, kuma yaushe za a buɗe.

Mataki na biyu: A tanadi lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Wannan ce ta fi riƙe matanmu, domin da yawa ba su taɓa yi ba. Rajistar NIN ta farko kyauta ce, amma tana cin lokaci. Maigida ya ba iyalinsa dama su je su yi tun kafin ciki ya yi nauyi.

Mataki na uku: A tafi da katin awo a matsayin shaidar juna biyu. Yara kuma a tafi da takardar haihuwarsu ta Hukumar Ƙidaya da katin rigakafi.

Mataki na huɗu: Ranar rajista mai sunan ce za ta je da kanta, saboda za a ɗauki hotonta. A tabbatar sunan da aka rubuta ya yi daidai da na NIN, harafi da harafi. Mun sha ganin mace tana da sunan mahaifinta a wata takarda, sunan mijinta a wata, sai na'ura ta ƙi karɓa a ranar da ake tsananin buƙata.

Mataki na biyar: A karɓi kati ko takardar shaida mai lamba, a tambayi ranar da zai fara aiki, domin yakan ɗauki ɗan lokaci kafin suna ya fito a jerin asibiti. A rubuta lambar a wani wuri daban, a kuma ajiye katin cikin jakar kayan haihuwa tare da katin awo.

Wannan rajista ta marasa ƙarfi ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce a ba shi "na goro" domin ya sa suna, a ƙi ba shi, a kai ƙara ofishin hukumar ta jiha. Kada kuma a karanta wa baƙo lambar NIN ko ta asusun banki ta waya da sunan rajistar lafiya.

Ga masu buƙata ta musamman

Mace mai naƙasa tana ɗaukar ciki ta haihu lafiya kamar kowa, sai dai tana buƙatar a tsara mata haihuwar da wuri. Wadda shan inna ko ciwon ƙashin baya ya taɓa ƙugunta, alal misali, ya kamata likita ya duba ta tun ciki yana ƙarami domin a san ko za ta iya haihuwa da kanta ko tiyata za a shirya. Tiyatar da aka shirya ta fi ta gaggawa sauƙi da aminci. Wannan ya sa katin inshora ya fi muhimmanci a wurinta.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙoƙi da ya kamata iyalai su sani:

- Ba a nuna musu bambanci wajen ba da kulawar lafiya.
- Mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin kulawa kyauta a asibitocin gwamnati.
- Asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da wanda ba ya ji ko ba ya iya magana.
- A ba su fifiko a wurin layi.

Dokar ta kuma kafa Hukumar Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Ita ce take ba da takardar shaidar naƙasa ta dindindin. Akwai kuma ta wucin gadi da ake samu ta hannun likita, wadda ba ta wuce kwana 180. Naƙasar da ido ba ya gani, kamar kurumta ko lalurar ƙwaƙwalwa, ita ce ta fi buƙatar takarda, don haka a nemi rahoton likita a tafi da shi wurin rajista. Ƙungiyoyin makafi, kurame da guragu na gari su ma sukan ji labarin buɗe rajista da wuri, yana da kyau a tuntuɓi shugabanninsu.

Roƙonmu ga iyalai shi ne kada a ɓoye mai ciki a ɗaki saboda naƙasarta. A rako ta awo, a bar ta ta faɗi damuwarta da kanta. Idan bebiya ce a zo da wanda ya saba da maganar hannunta.

Abin da katin yake biya

A asibitin matakin farko katin ya ƙunshi awon ciki da gwaje-gwajensa na yau da kullum, maganin ƙarin jini, rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro, karɓar haihuwa, duba uwa da jariri bayan haihuwa, tazarar haihuwa, cututtukan yara irin su gudawa da ciwon haƙarƙari, da gwajin hawan jini da ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farko a cikin wata uku na farkon ciki. Mai kati ba ta da dalilin tsallake ko ɗaya.

Idan matsalar ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai su rubuta takardar turawa zuwa babban asibitin da hukuma ta amince da shi. Wannan takarda tana da matuƙar muhimmanci. Asibitin koyarwa irin namu mataki na uku ne, don haka wadda ta tsallake asibitin da aka yi mata rajista ta taho nan kai tsaye domin awo na yau da kullum za ta iya tarar da cewa katinta ba zai biya ba. Idan an turo ku, ku zo da takardar da katin, ku fara nuna su a ofishin inshora kafin ku biya komai.

A sani kuma katin ba ya biyan kuɗin mota daga gida, abincin masu jinya, ko kayan jariri. Jini kuwa ba a ƙera shi, sai wani ya bayar. Kowane gida ya tanadi 'yan'uwa biyu masu lafiya da za su iya ba da jini, da mai abin hawa da za a iya tasa ko da tsakar dare, da ɗan abin da aka ajiye a gefe.

Tiyatar haihuwa da yoyon fitsari

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, a ƙarƙashin wani shiri na rage mutuwar mata da ya fi mayar da hankali a kan ƙananan hukumomi 172 da matsalar ta fi tsanani. A cikin 2024 ɗin ne kuma NHIA ta fara biya wa masu yoyon fitsari kuɗin aikin gyara. Waɗannan shirye-shirye a asibitocin da aka zaɓa ake yin su. Ranar awo ki tambayi malamarki wane asibiti ne mafi kusa da ku da yake ciki, ki faɗa wa maigida, domin a san inda za a dosa tun kafin ranar.

Idan matsala ta taso babu kati fa?

A taho asibiti nan take. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wannan ba ya nufin an yafe kuɗin, amma ceton rai ne a gaba, maganar biya ta biyo baya. Asibitocin koyarwa suna da sashen kula da walwalar marasa lafiya, inda ake bincika halin iyali a ga taimakon da za a iya yi.

Kada a jira gari ya waye ko a jira ranar kasuwa idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Zubar jini, komai ƙanƙantarsa, ko mai yawa bayan haihuwa.
- Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu.
- Jijjiga ko suma.
- Zazzaɓi mai zafi.
- Fashewar faya ba tare da naƙuda ba.
- Naƙudar da ta wuce awa 12.
- Ɗa ya rage motsi ko ya daina.
- Hannu, ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa.
- Mabiyiya ta ƙi faɗowa.

Tambayoyin da aka fi yi mana

"Idan an yi mini rajista, jaririna ya shiga?" Rajistar marasa ƙarfi ta mutum ɗaya-ɗaya ce. Bayan suna a karɓo wa jariri takardar haihuwa, a nemi a sa nasa sunan. Ke ma ki tambaya ko katinki zai ci gaba da aiki bayan haihuwa ko sai an sabunta.

"Maigidana ma'aikaci ne, ni ce mata ta biyu." Inshorar ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci, mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Sauran iyali ana ƙara su ne da biyan ƙarin kuɗi. Maigida ya je ya ƙara sunanki tun ciki yana ƙarami.

"Na haihu sau shida a gida lafiya, me zan yi da kati?" Mu a wurinmu wadda ta haihu sau biyar ko fiye ita ce muka fi sa wa ido, domin mahaifarta ta gaji kuma ta fi saurin zubar jini. Haihuwar baya ba ta lamunce ta gaba.

"Mun je an ce gurbi ya cika." A bar suna da lambar waya, a sanar da mai unguwa, a riƙa waiwaya duk ranar awo. Idan akwai ɗan hali, hukumomin jihohi suna da tsarin da masu sana'ar hannu suke zuba kuɗin shekara, NHIA ma tana da irinsa mai suna GIFSHIP. 'Yan'uwa ko ƙungiya za su iya haɗuwa su biya wa mai ciki. Zubin shekara bai kai kuɗin tiyata guda ɗaya ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka tabbatar da ciki, ranar ce ya kamata a fara neman NIN da tambayar rajista, domin wata tara ba su da yawa ga aikin takarda. Kafin fitowa ta gaba, kowane gida ya amsa waɗannan tambayoyi: Wane asibiti ne yake rajista a mazaɓarmu? Su wa suka cancanta a gidanmu? Shin kowannensu yana da NIN ko takardar haihuwa? Ina za mu dosa idan naƙuda ta zo da gardama, kuma wa zai kai mu?

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabciyar da ba ta iya karatu ba. Mai tambaya kuma ta same mu a ɗakin awo. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a haifa.